Rasuwar Malama Saratu Dodo da Sunan da Aka Nema a Wurinmu

Cikin alhini da miƙa wuya ga nufin Ubangiji, Ƙungiyar Nazarin Littafi Mai Tsarki ta 'Yan Matan Sakandare, wadda take zama a Ƙofar Taramniya cikin birnin Sakkwato, ta samu labarin rasuwar uwarta kuma jagorarta, Malama Saratu Markus Dodo, malamar firamare, mataimakiyar shugabar Zumuntar Mata, kuma malamar Makarantar Lahadi ta ikilisiyarmu, wadda ta yi barci cikin Ubangiji ranar Talatar da ta gabata, bayan wata motar yashi ta buge ta a kan babur ɗinta tana dawowa daga aiki. Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mijinta, Babanmu Malam Markus Dodo, da 'ya'yanta Bitrus da Dorcas, da dukan dangi na nan da na ƙasar Zuru. Da izinin Baba Markus, za mu kuma amsa a nan buƙatar iyayenmu, kwamitin dattawan ikilisiya, waɗanda suka nemi mu faɗi sunan ɗaya daga cikinmu, domin maganar ta shafi mutuncin marigayiya.

Malama Saratu ta zo Sakkwato tare da mijinta bayan an gama yaƙin basasa. Da gwamnatin soja ta buɗe ilimi kyauta, yara suka cika ajinta har wasu suna zama a bakin ƙofa, amma duk da gajiyar mako, ba ta taɓa fasa shimfiɗa mana tabarma a tsakar gidanta ranar Asabar da la'asar ba. Ta kafa ƙungiyar nan ne da ta lura muna dawowa daga makaranta da tambayoyin da muke jin kunyar yi a majami'a. Malamin kimiyya ya faɗi wani abu a kan asalin duniya wanda bai yi kama da abin da muka koya ba. Ƙawayenmu Musulmi sun tambaye mu yadda Allah zai kasance da Ɗa. Wata kuma ƙanenta ne ya mutu da ƙyanda bayan an yi masa addu'a mai yawa.

Dokokinta biyu ne. Ba a amsa tambaya ranar da aka yi ta. Kowacce za ta tafi ta karanta, ta yi addu'a, sai Asabar ta gaba a saurari ƙaramar cikinmu tukuna, Malama ita ce ta ƙarshe. Idan muka yi gaggawa sai ta yi dariya ta ce, "Ku yi a hankali, 'yan boko, Allah bai ce zai yi tafiya kafin Asabar ba." Doka ta biyu kuwa, ba a fita da sunan mai tambaya daga gidan. Kowacce cikinmu ta ɗauki wannan alkawari a gabanta ranar da ta fara zuwa.

Ga yadda maganar da ake yi ta faru. Maƙwabciyar Malama, Inna Bara'atu, dattijuwa ce Musulma wadda duk Asabar takan turo mana ruwan randa mai sanyi, ta leƙo ta katanga ta ce, "Ɗiyan Saratu, ku sha ruwa, rana ta yi zahi." A watan jiya Allah ya yi mata rasuwa. A zamanmu na ƙarshe, ɗaya daga cikinmu ta tambaya tana kuka ina Inna Bara'atu take yanzu, ta kuma ce idan Allah zai kori irin wannan baiwar tasa, ita ba ta san yadda za ta ƙaunace shi ba. Malama ba ta tsawata mata ba. Abin da ta ce, a kunnenmu duka, shi ne: "'Yata, ni ma wannan tambaya ta hana ni cin abinci. Ban san amsarta duka ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da na tabbata shi ne Allah ba ya zalunci. Mu dawo da ita Asabar." Malama ba ta kai wannan Asabar ɗin ba.

Mun ji da baƙin ciki cewa a wurin zaman makoki ana ta faɗin wai marigayiya ta koya mana cewa bangaskiya ga Almasihu ba ta da wani amfani. Muna shaida wa jama'a, musamman iyalinta da wannan magana ta ƙara wa ciwo, cewa ba ta taɓa faɗin haka ba, ko a wannan rana ko a wata. Ta ce ba ta sani ba ne a inda ba ta sani ba, kuma saboda haka ne muke gaskata ta a inda ta ce ta sani.

Iyayenmu dattawa sun aiko cewa mu ba da sunan wadda ta yi tambayar, domin a ɗage mata baftismar Ista har a ga tsayuwar bangaskiyarta, kuma idan ba mu bayar ba za a rufe ƙungiyar. Mun san don kula da rayukanmu suka faɗi haka, kuma ba mu saba musu da manya ba. Mun zauna, kowacce ta faɗi ra'ayinta, wasu suna tsoron fushin iyayensu, wasu suna tsoron rasa wurin da kaɗai suke iya buɗe baki. A ƙarshe mun amince, cikin ladabi, cewa ba za mu iya ba da sunan ba. Alkawarin a gaban Malama muka yi shi, ita ce za ta iya warware mana, kuma ba ta nan. Ban da haka, da aka bincika, babu ko ɗaya cikinmu da wannan tambaya ba ta taɓa zuwa mata a zuciya ba. Ɗaya ce kawai ta iya furta ta. Idan kwamiti ya rufe ƙungiyar, za mu yi biyayya, ba za mu taru a ɓoye ba. Idan kuma ya ga ya dace a ɗage baftisma, muna roƙo a ɗage tamu duka, mu da muke cikin ajin shirin baftisma.

Muna godiya ga Malam Siddiƙu, ɗan marigayiya Inna Bara'atu, wanda ya fara isa wurin hatsarin, ya kai Malama asibiti, mutanen gidansa kuma suka ɗauki nauyin girki wa baƙin makoki. Za a kai gawar ƙasar Zuru ranar Juma'a, bayan sujada a majami'a.

Muna addu'a Ubangiji Yesu Almasihu ya ta'azantar da Babanmu Malam Markus Dodo, ya ba shi ƙarfin riƙon marayun da aka bar masa, ya raya Bitrus da Dorcas cikin tsoron Allah, ya ba dangi da Zumuntar Mata da ikilisiya baki ɗaya haƙurin jure wannan babban rashi. Ya kuma ba iyayenmu dattawa hikima a kan hukuncin da za su yanke mana, mu kuwa ya ba mu zuciyar karɓarsa. Amin.

Hannatu Luka Sodangi
Sakatariya, a madadin dukan 'yan ƙungiya
Ƙofar Taramniya, Sakkwato
Maris, 1977