Haƙƙin Yunusu da Kurmin Ɗakwara

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni ne Abdulganiyyu ɗan Sharu, maharbi, mazaunin ƙauyenmu na kudu da Basunda, jikan waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka, tafiya ta tsaya musu a nan Gadarif. Ciwo ya cinye mini jiki, amma hankalina yana nan daram. Limaminmu Malam Abdelaziz ne ke rubutawa ina faɗa, shaidu biyu na zaune. 'Ya'yana Haitham, Walid, Lamis, Raniya, da ku nake.

Na ɗaya. Gida, gonar dawa da awaki, Allah Ya riga Ya raba su, ba ni da ta cewa. Malam zai ba kowa rabonsa. Mahaifiyarku Batoul kuwa, kada wanda ya tashe ta daga ɗakinta.

Na biyu, bindigata. Walid, sau uku kana roƙona ita, sau uku ina kawar da kai. Yau ga amsarka: ba zan ba ka ba, ba zan ba kowa ba.

Ranar da babana ya fara saɓa mini ita, daga bayan gari har bakin kogin Rahad daji ne. Barewa garke-garke, gwanki, jimina, zabi kuwa sai ka kore su daga gona. Sannan manyan gonakin dawa suka zo, taraktoci suka tumɓuke itatuwa har inda ido ya ƙare. Na daɗe ina ɗora wa taraktoci laifin komai. Ba su kaɗai ba ne. Babana ba ya harbi da damina, ba ya taɓa mai ciki ko mai shayarwa. Ni na karya wannan duka, don direbobin lori suna sayen nama a kan hanyar Doka. Barewar ƙarshe da na gani, shekara tara ke nan. Ita kaɗai ce, cikinta ya fito sosai. Na gani sarai, na harbe ta. Tun daga nan ban ƙara ganin ko sawun wata ba.

Yanzu ba abin da ya rage wa bindiga a wannan ƙasa sai mutum, kuma kun ga abin da yaƙin nan ya mai da samarin da suka ɗauke ta. Ku kai ta maƙera, a yanke bakinta gida biyu a gabanku. Tarkunan waya da ke rataye a rumbu, a haɗa da su.

Na uku, kurmin ɗakwara, wanda Larabawa ke kira hashab. Shi ne ya raba Haitham da Walid, wata takwas ba sa cin tuwo a kwano ɗaya. Haitham, na san ba mugunta ce ta sa kake son sare shi ba. Tun da aka fara yaƙi gawayi ya yi daraja, motoci na zuwa har ƙofar gida, kai kuma bakuna goma sha ɗaya ne a wuyanka. Walid, ka yi daidai da ka hana, amma ka yi kuskure da ka ɗaga wa yayanka gatari a gaban matarsa. Kai za ka fara zuwa ba shi haƙuri, kafin a yi mini sadakar uku.

Idan an raba, kurmin naku ne, ba ni da ikon hana ku daga cikin kabari. Roƙo nake. Gawayi sau ɗaya za ku ci kuɗinsa, ƙaro kuwa kowane rani itacen zai ba ku. Ku dubi gonakin da aka share a yamma da mu, yadda ruwa ya yaga su kwari-kwari. A kurmin nan kaɗai zabi suka rage suna ƙwai. Ku tsaga ɓawo ku ɗebi ƙaro, ku ɗauki busasshen itace, ɗanye kuwa ku bar shi. Lamis ta dawo daga Madani da yara huɗu, har yau ba labarin mijinta. A ba ta ƙaron bana duka kafin a yi maganar rabo. Mutanen Khartoum da yaƙi ya koro suke zaune a makaranta, idan matansu suka zo tsintar kirare, kada a kore su.

Na huɗu. Wannan ne ya sa na kira Malam. Shekara arba'in ina ɗauke da shi, ko mahaifiyarku ba ta sani ba.

Kun taso kuna jin cewa Yunusu, abokin farautata, shi ya zuba guba a tafkin da ke gindin kuka a shekarar yunwa. Ba shi ba ne. Ni ne.

A shekarar ruwa bai sauka ba. Haitham da Walid kuna ƙanana, Lamis tana goye, nonon uwarta ya ƙafe. Duk tafkuna sun bushe sai wannan ɗaya, duk abin da ke numfashi a daji nan yake zuwa sha. Harsashi ya ƙare mini. Yunusu yana gadin sito a wata babbar gona, inda ake ajiye maganin kashe fara. Na je wurinsa hira, ya tashi sallar la'asar, na cika gora na ɓoye a riga. Na ce a raina kaɗan zan zuba, in samu zabi in cire hanjinsu.

Da gari ya waye na koma. Bakin tafkin ba wurin sa ƙafa. Zabi, kurciyoyi, zomaye, barewa shida, wata tana shure-shure tukuna. Tsoro ya kama ni, ko tsuntsu ɗaya ban ɗauka ba. Na gudu gida ban gaya wa kowa ba, kuma wannan shirun ya fi zuba gubar muni, don da hantsi makiyaya suka kawo shanunsu. Goma sha tara suka mutu. Bayan kwana biyu ungulayen da suka ci mushen su ma suka zube.

Makiyayan suka bi warin maganin har sito. Mabuɗi a hannun Yunusu yake. Suka jawo shi ƙofar masallaci, suka doke shi a gaban jama'a har hannunsa na dama ya karye, ina tsaye a cikin taron. Aka ƙwace gonarsa aka ba su, ya yi shekara biyu a kurkuku. Kafin a tafi da shi na kai masa ruwa. Ya dube ni ya ce, "Abdu, na ga gorar a rigarka. 'Ya'yanka uku ne, tawa ɗaya ce. Je ka gida." Na kuwa tafi gida.

Da ya fito bai dawo garin nan ba. Ya ƙare rayuwarsa yana yankan dawa a gonakin Gadambaliya da shanyayyen hannu, can ya rasu. Ban je jana'izarsa ba, don ban iya ba.

Na biyar. Wannan ɗiya tasa ɗaya ita ce Jummare, mai sayar da shayi a tashar Doka, wadda ta girma ana kiranta 'yar mai guba. Na yi mata wasiyya da sulusin abin da na bari, a fitar mata daga gabashin kurmin kafin a raba komai. Ku huɗun ku je tare, kada ku aika. Raniya, ke kika fi su taushin baki, ke za ki fara magana. Ku faɗa mata yadda na faɗa, kada ku gyara mini. Malam kuma ya karanta wannan sashe bayan sallar Juma'a, a ƙofar masallacin da aka doki mahaifinta. Na san kunya za ta hau kanku, ku yafe mini wannan ma. In zuriyar makiyayan nan ta sauko da rani, a gaya musu su ma.

In Jummare ta yafe, alhamdu lillahi. In ta ƙi, kada ku matsa mata, kada ku tura mata dattawa. Ku ba ta haƙƙinta ku taso, saura tsakanina da Ubangijina ne.

Allah Ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Allah Ya bayyana mijin Lamis, Ya kashe wutar da ke cin ƙasar nan. Bayan an karanta wannan, wasu za su daina gaishe ku a kasuwa, ba za ku sami kowa ba sai junanku. Haitham, kai ne babba, kada ka rufe wa ƙannenka ƙofa. Ku ci abinci wuri ɗaya ko da fuska a ɗaure. Idan kun tashi yi mini addu'a, ku fara ambaton Yunusu.