Sunan da Ya Sa wa Wayfay ɗin Gidanmu

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, na gaji. Abin da zan faɗa ƙarami ne a idon mutane, amma ya hana ni sakat, ya kuma shiga tsakanina da 'yata.

Maigidana ya rasu bara. Gyaran wutar lantarki ne sana'arsa, kuma duk wani abu mai waya a gidan nan shi ya haɗa da hannunsa, har da akwatin wayfay da ya kafa saman ƙofar falo, ya naɗe igiyarsa da baƙin salatif. Mutum ne mai tsokana. Da ya zo sa wa wayfay ɗin suna, sai ya sa Uwar Mita, wai saboda ni. Duk maƙwabcin da ya buɗe wayarsa sai ya gani. Na yi fushi, na yi magiya ya canza, ya ce hakan ma ai mita ce. Har ya koma ga Allah bai canza ba, kuma yanzu kullum da safe in na ɗauki wayata, wannan sunan ne farkon abin da nake gani.

'Yata ta fari tana karatun aikin jinya, kuma wasu laccocin da jarrabawar ta intanet ake yi. Wayarta ta faɗa cikin bokitin wanki ta mutu. Na lallaɓa na saya mata tabulet na hannu wajen wani mai gyaran waya, gefensa ya ɗan fashe amma yana aiki. Muka kawo gida da murna, muka kunna, ga sunan nan ya fito, sai ya nemi kalmar sirri. A nan muka tsaya cirko-cirko. Babu wanda ya sani. Shi yake karɓar wayar kowa ya saka da kansa, mu kuwa ba mu taɓa tambaya ba, don wa ya zaci zai tafi?

Babu abin da ban gwada ba. Lambar wayarsa, shekarar aurenmu, sunayen yara, sunan mahaifiyarsa, har lambar tsohon babur ɗinsa. Kowane sai tabulet ɗin ya yi ta juyi ya ce ba daidai ba. Wallahi Anti, duk wanda ya ƙi sai in ji kamar ban san mutumin da na zauna da shi ba.

Ƙaninsa ya zo ya ce abu mai sauƙi ne, akwai wani ɗan rami a bayan akwatin, a soka allura, komai ya goge a fara sabo. Na tambaye shi ko har sunan, ya ce har shi. Ya hau kujera ke nan na fizge allurar daga hannunsa, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ya fita ransa a ɓace. Wayata ma na hana kowa taɓawa, don saƙonnin muryarsa suna ciki, ina tsoron wani ya yi karambani su tafi.

Yanzu yarinyar nan sai ta tashi daga makaranta ta wuce gidan ƙawarta ta yi karatu, ta dawo a gajiye, ni ma na dawo daga kantin maganin da nake aiki ƙafafuna sun kumbura, mu zauna ba mai ce wa wani uffan. Jarrabawarta ta matso. Rannan ta ce min na fi son akwati a kanta, ta shige ɗaki tana kuka. Na san ba ta yi ƙarya duka ba, amma hannuna ya ƙi. Ni ce na zare, ko su ne ba su gane ba?

Uwar Mita

Amsa:

Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ku haƙuri. Ba ki zare ba. Kewa ce, kuma kewa ba ta zaɓen abin da za ta maƙale wa. Wata matar rigar mijinta take riƙewa, ke suna kika riƙe.

Mu fara da aikin. Ƙanin mijinki ya faɗi gaskiya cewa allurar tana goge komai, amma ba ita kaɗai ce hanya ba. Wayarki da take hawa wayfay ɗin da kanta tana riƙe da kalmar sirrin tun ranar da ya saka. A yawancin wayoyin yanzu, in aka shiga saitin wayfay aka taɓa sunan, akwai wurin da ake rabawa. Zai nemi lambar buɗe wayarki, sannan ya nuna kalmar, ko ya fito da wani zane mai kusurwa huɗu da tabulet ɗin zai ɗauka da kyamara. Wannan ba ya kusantar saƙonnin murya ko kaɗan. In an saka kalmar daidai amma ya ƙi hawa, a duba kwanan wata da agogonsa, na hannu sukan zo a birkice. In ya ci gaba da gardama, a mayar wa wanda ya sayar ya duba.

Amma ki lura da abin da wannan yake nufi: dole ki miƙa wa 'yarki wayar. Ki zaunar da ita kusa da ke, ki gaya mata abin da kika gaya min, ba a taƙaice ba. Ke kin rasa miji, ita ta rasa uba, kuma ina zargin ba ta san dalilin fizge allurar ba, ƙin kawai ta gani. Maganar da ta faɗa miki ta yi zafi, ya kamata ta ba ki haƙuri, amma yarinyar da take yawon gidan mutane da littafi alhali akwai intanet a gidan ubanta tana da abin faɗa. Ƙanin mijinki ma ki kira shi, taimako ya zo yi.

Sai abin da ba za ki so ji ba. Yana yiwuwa wayarki ta ƙi nuna kalmar. In haka ta faru, kada ki bari jarrabawa ta same ku a wannan halin. Ki ɗauki hoton sunan a waya, a goge akwatin da allurar, a sake rubuta sunan harafi da harafi. Na san za ki ce ba hannunsa ba ne, kuma gaskiyarki. Sai dai akwatin nan ko an taɓa ko ba a taɓa ba wata rana zai lalace, shekarar karatun da yarinya ta rasa kuwa ba a gyara ta. In ta kai ga allura, kada ki bar wa kowa. Ki hau kujerar da kanki, 'yarki ta riƙe miki ita.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba ta sa'ar jarrabawa, ya dawo muku da hira a falon nan.