Na Mayar Maka da Maifai Ɗinka

Kusada, Jihar Katsina

Zuwa ga Yayana Dalhatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta girmamawa daga ƙanwarka Shamsiyya, da fatan takardar nan za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka a Jidda. Allah Ya ƙara maka juriyar aiki, Ya tsare ka a kan hanya tunda kullum kana bisa sitiyari, Ya sa albarka cikin abin da kake nema, Ya maido mana da kai gida lafiya. Mu nan sai godiyar Allah. Damina ta zauna sosai bana, gero ya fid da kai a gonar bayan gida can ƙauyenmu Ƙofa, gyaɗar Inna ma ta yi kyau. Inna tana nan da ƙarfinta, ciwon gwiwar ne dai ke tasowa in hadari ya haɗu. Ɗiyata Ruqayya ta shiga Islamiyyar da nake koyarwa, kullum sai ta tambaye ni yaushe Kawunta na Saudiyya zai zo. Jikin Baba Malam kuwa da sauƙi, amma maganarsa na bari sai can gaba, don ita ce dalilin takardar.

Alhaji Sodangi, maƙwabcinmu da zai zo Umara, shi zai miƙa maka wannan takarda tare da ɗan ƙunshi. Maifai ɗin da ka aiko ne a ciki, wato na'urar nan ta kamo sabis, da batirinsa da wayar cajinsa, babu abin da ya ɓace. Don Allah kada ranka ya ɓaci kafin ka karanta zuwa ƙarshe. Na zaɓi rubutu ne saboda na lura saƙon murya kana cikin tuƙi kake saurarensa, ka amsa mani da "to, to", washegari kuma ka sake tambayar abin da na riga na faɗa. Wannan karon ina so ka zauna ka ji komai yadda ya faru.

Ka san tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa Baba ba ya iya wuce zaure, ka kuma san ɗakinsa da zauren duka babu sabis, sai mutum ya taka har tudun makarantar firamare kafin waya ta kama. Shi ya sa da ka ce za ka aiko da na'urar da za a ɗaure bisa gora a saman itacen bedin tsakar gida, ta kamo sabis daga sama ta watso shi har ɗakinsa, duk muka yi murna. Ba don hira ba. Littafin fiƙihun da kuka faro kafin tafiyarka babin gado kawai ya rage maku, kuma kai kanka shaida ne cewa daga Kaikai har Rimaye wurinsa ake zuwa in rabo ya rikice. Burinsa ya damƙa maka wannan babi baki da baki, yana ganin fuskarka. Ranar da Hajiya Nagoggo ta dawo Umara ta kawo saƙon, sai da ya sa aka yi mashi aski.

Washegari da hantsi, lokacin da harshensa ya fi sakewa, muka taru a Ƙofa. Baban Ruqayya ya riga ya saro gora ya ɗaure, na sayo sabon layi na sa mashi data. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, aka jingina shi da filo, aka buɗe mashi littafin a daidai inda kuka tsaya. Muka sa layi muka kunna. Na'ura ta kawo wuta, sunanta ya fito a wayata, amma babu abin da ke tafiya, sai wani rubutu da Larabci da Turanci yana neman lambar buɗewa. Baban Ruqayya ya ɗauka lambar da ke liƙe a bayan murfi ce, ya danna, ta ƙi. Ya gwada sifili zalla, ta ƙi. Ya gwada ɗaya, biyu, uku a jere, nan ma ta ƙi. Sai a lokacin idona ya kai kan wata 'yar lamba a gefe, wadda da farko na gani goma, yanzu ta koma bakwai. Na riƙe hannunsa na ce ya tsaya, abin nan ƙirga mana yake. Baba ya jira har aka kira azahar, sannan ya ce a rufe littafin kada ƙura ta shiga.

Ranar kasuwar Kankia na kai ta wurin Ɗanmaliki, mai gyaran waya da ke kusa da tasha. Yana gani ya ce kamfanin da ya sayar maka da ita ya ɗaure ta ne da layinsa, ba za ta karɓi layin wani ba sai an kwance ta da lamba, kuma in damar gwajin ta ƙare ta rufe ke nan har abada. Ya cire batir ya kwafi doguwar lambar da ke ƙarƙashinsa, ya sa a kwamfutarsa ta fid da mashi lambobin buɗewa. Ya gwada guda, ya gwada ta biyu, duk ta ƙi. Sai ya ture ta gabana ya ce shi kam ya tsame hannunsa, sabuwar fita ce, abin da ke kwamfutarsa na tsofaffi ne. Na tambaye shi batun wanke mata ƙwaƙwalwa, abin da suke kira fulashin, don na ji wani a rumfar gaba yana cewa zai iya. Ya ce in ina so ta mutu gaba ɗaya in kai can. Shawararsa ɗaya ce, wanda ya saya ya koma kamfanin da kansa ya karɓo lambar gaskiya. Na yi tsayuwar rana a tasha ina jiran mota ta cika, ina ta maimaita wannan magana don kada in manta ko kalma ɗaya.

Kuskuren da aka yi shi ne barinta a ɗakin Inna. Zahradeen na gidan Baffa, wanda tun da ya gama kwaleji yake jin babu na'urar da ta fi ƙarfinsa, ya shigo ya ce wa Inna ni na aiko shi. Wai wani ne a zauren sada zumunta ya ba shi lambobi, ya rantse mashi ɗaya daga ciki sai ta buɗe. Da na zo na kunna, saura dama biyu. Yaya, ban san lokacin da na ɗaga murya a gidan Baffa ba, ni da ko kallon idonsa ba na yi. Zahradeen kuma ko a jikinsa, cewa ya yi ai da ta buɗe da yanzu ana sa mashi albarka. Har yau matar Baffa ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska.

Daga nan ne na hau tudun makaranta na kira ka, iska na kaɗawa, muryarka na zuwa tana yankewa, na karanto maka doguwar lambar nan ɗaya bayan ɗaya. Ka aiko da lambar buɗewa, na sa da bismillah, ta ƙi. Sai da muka bi diddigi muka gane inda na ce biyu, kai biyar ka ji, wato lambar na'urar wani bawan Allah aka ba ka. Wannan ban ɗora wa kowa ba, laifin layi ne. Na koma Kankia takanas, inda sabis ya fi ƙarfi, na ɗauki hoton lambar na turo maka, na roƙe ka da girman Allah kada ka aiko da komai sai abin da ya fito daga bakin kamfanin, don dama ɗaya ta rage. Ka buɗe saƙon, na ga alamar ka buɗe. Daga nan shiru, har aka gama noman farko aka shiga maimai.

Cikin wannan shirun Baba ya daina tambayata labarin na'ura. Na ɗauka ya haƙura. Ashe wata Juma'a da safe, da yake ya san ranar hutunka ce, ya sa aka shimfiɗa mashi katifa a amalanken shanu, aka ɗora shi da littafinsa a ƙirji, aka ja shi har tudun makaranta. Inna ta hana, ya ce in sabis ba zai zo wurinsa ba shi zai je. Mutanen gari suna tsaye bakin hanya suna kallo, wasu sun zaci asibiti za a kai shi. Aka yi ta kiran lambarka tana shiga ba a ɗauka. Ya ce a ƙara jira. Suna nan hadari ya taso daga gabas, kafin a juyo da shanun ruwa ya sauko. Ya tura littafin cikin riga, shi kuwa ya jiƙe sharkaf. Tarin da ya kama shi daga ranar sai da ya kai mu asibitin Kankia. Daga baya ka ce mani barci ya ɗauke ka bayan aikin kwana, kuma na yarda, na san wahalar da kake sha. Ban faɗa maka wanda ke kiran ba, don Inna ta ce kada a ta da maka hankali. Yanzu na ga gara ka sani.

Da lambar ƙarshe ta iso, na tambaye ka ko daga kamfanin take, ka ce in sa kawai. Na sake tambaya, ka ce ai ka faɗa mani. Na yi alwala, na zauna a zaure gaban Baba, na duba kowace lamba da takardar da na rubuta kafin in taɓa, Baban Ruqayya na duba bayana. Na danna. Ta ɗan yi jim, sai rubutun ya sauya, wurin sa lambar ma ya ɓace ɗungurungum. Ɗanmaliki ya duba ya tabbatar mani ta rufe, ba za ta ƙara aiki ba sai da layin kamfanin da ya ɗaure ta, wato can inda kake. Sai bayan haka ka gaya mani gaskiya, cewa da sunan abokin ɗakinka aka saye ta, shi kuma ya bar ƙasar, kamfanin ya ce ba ya ba kowa lamba sai mai suna, don haka ka je wurin wani mai shagon waya a kasuwa ya lissafo maka. Yaya, wannan ne ya ƙona mani rai fiye da duk zirga-zirgar da na yi. Da ka faɗa tun farko, da na adana damar nan, da mun nemi abokin naka duk inda ya shiga. Na san kunya ce ta hana ka, ba ka so a ce abin da ka aiko bai yi amfani ba. Amma ni ce na ɗago kai na gaya wa Baba, ba kai ba.

Bayan kwana biyu ya aiko a kira ni, na iske littafin a buɗe. Ya ce in zauna. Ya ce ya jira iya jiransa, harshensa kuma kullum ƙara nauyi yake, ba zai shiga kabari da babin nan a ƙirjinsa ba saboda wani ɗan akwati. Na ce Baba ni ai koyar da yara na iya, lissafin gado ya fi ƙarfin kaina. Ya ce kai ma da ka fara haka ka ce. Tun daga lokacin, duk safiyar Alhamis da Juma'a da babu makaranta, ina hawa mashin in tafi Ƙofa. Ba zan ɓoye maka ba, abin da wuya. Wata kalmar sai ya maimaita ta sau da yawa kafin in gane abin da yake nufi, in na kuskure kason 'yan'uwan uwa sai ya buga sandarsa a ƙasa kamar yadda yake yi maka. Makon jiya wasu makiyaya daga Kaikai suka zo da rabon shanun mahaifinsu, ya sa na zauna daga bayan labule na lissafa, ya gyara mani wuri guda, sauran ya ce a tafi da shi haka. Ban nemi wannan kaya ba, kuma har cikin raina na san kai ya so ya ɗora wa.

Don haka ina roƙonka kada ka sake aiko da wata na'ura, ko wadda aka ce a buɗe take. Na gaji da su, gorar ma Inna ta sa an sauke ta tana shanya a kai. Wannan ka sa mata layinta ka yi amfani da ita, lafiyarta ƙalau a can. Abin da muke so shi ne ka je wurin maigidan aikinka ka nemi hutu, ko gajere ne, ka zo kafin a gama girbi. Likitan da ya duba Baba bai faɗi abin tsoro ba, amma ni da nake zama gabansa ina jin yadda kalmomi ke kuɓuce mashi.

Inna tana gaishe ka, ta sa maka ƙuli-ƙuli da yajin daddawa cikin ƙunshin, ka duba kada su shiga na'urar. Gwaggo Iyatu, Anti Haulatu da yaranta, Baban Ruqayya da ita Ruqayyar duk suna gaisuwa. Ka gaishe mana da Malam Arzika in kun haɗu a masallaci, ka ce iyalinsa na Rimaye suna lafiya. Da na gaya wa Baba zan rubuto maka, ya ce in ce yana sa maka albarka, ruwan da ya dake shi kuma ba laifinka ba ne. Ya ce in ka zo ka iske shi, zai ja maka babin da kansa tun daga farko. In kuma ba ka iske shi ba, ka ɗauki littafinka ka taho Kusada, ka cire takalmi ka zauna gaban ƙanwarka.

Allah Ya sa ka iske shi.

Taka har kullum,
Shamsiyya