Kwaɗon da Muka Tarar a Ƙofar Makaranta

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ofishin Agajin Gaggawa na Gunduma
Daga: Mai ɗinki, wakiliyar mazauna layin bayan kasuwa
Kwanan wata: 14 ga Satumba

Game da: Rufe mafakar da ofishinka ya nuna mana, da ɗora mana laifi a rediyo

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izini in gabatar da kukana kamar haka:

1. A watan Mayu ma'aikatanka suka kafa rumfa a layinmu, suka nuna mana cewa babbar magudanar da ke bayan gidajenmu ba za ta ɗauki ruwan bana ba. Suka ce kowane gida ya haɗa jaka: magani, tocila, takardun yara cikin leda. Suka ce in ruwa ya taso kowa ya nufi makarantar firamaren da ke kan tudu, za a same ta a buɗe. Ni aka zaɓa wakiliya, aka ba ni usur da lambar waya, aka ɗauki hotona kusa da kai.

2. Na rufe keken ɗinkina na bi gida-gida. Wasu jakunkunan ma ni na ɗinka su da ragowar yadi. Wanda ya fi ba ni wuya shi ne Baba Mai Keke, tsohon da ke gyaran kekuna a bakin layi, mai fama da ciwon ƙirji. Ya ce ya ga gwamnatoci iri-iri, shi dai in ruwa ya taso, hawa rufin ɗakinsa ya sani. Sai da na rantse masa cewa wannan karon da gaske ake, sannan ya yarda.

3. Ranar 27 ga Agusta da rana ruwa ya shigo. Na busa usur, mutane suka fito yadda aka koya musu, mata da goyo, tsofaffi a baro. Muka hau tudu, muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Maigadi ya ce mabuɗi na hannun wani ɗan kwangila. Na leƙa ta taga, na ga azuzuwa cike da buhunan siminti, ko ɗigo bai taɓa su ba. Na kira lambar da aka ba ni har wayata ta mutu, ba a ɗauka ba. A jikin katanga muka tsaya, ruwa na dukanmu, har matasa suka fasa ƙofar.

4. A jikin katangar nan Baba kallona kawai ya yi. Sanyi ya kama ƙirjinsa, ranar 2 ga Satumba ya rasu a asibiti. Maƙwabcinsa da ya ƙi bin maganata, ya hau rufi, yana nan lafiya ƙalau.

5. Ina zaune a gidan rasuwar na ji muryarka a rediyo kana cewa mutanen layinmu sun yi kunnen ƙashi da gargaɗi. 'Yar marigayin ta tashi ta kashe rediyon. Tun daga ranar ba ta amsa gaisuwata ba, yarinyar da na goya a bayana.

Ranka ya daɗe, damina ba ta wuce ba, magudanar kuma tana nan yadda take. Gobe in na ƙwanƙwasa ƙofa na ce a fito, ba mai fitowa, kuma ban ga laifinsu ba.

Saboda haka nake roƙo a kwashe simintin nan, a damƙa mabuɗi ga wani mazaunin layi, a yashe magudanar, a binciki wanda ya ba da hayar mafakarmu. Ina kuma roƙon ka gyara maganarka a gidan rediyon da ka faɗe ta. Sannan, idan girmanka ya yarda, ka tako layinmu da ƙafarka, ba da rumfa ko mai hoto ba, ka shaida wa marainiyar nan cewa abin da na gaya wa mahaifinta, daga bakinku na ɗauko shi.

Allah ya ƙara maka lafiya. Ka huta cikin girma.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Inna Tela
Wakiliyar layin bayan kasuwa