Kafin Ku Wanke Wa Mutum Waya, Ku Tambaye Shi

Zuwa ga Shugaban masu gyaran waya na kasuwarmu da ke cikin birnin Katsina, da dattawan sana'ar baki ɗaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, ya iyali, ya kasuwa, ya haƙuri da jama'a. Ni malamar firamare ce daga Ƙofar Durbi, kuma ina toya waina ranakun Asabar da Lahadi. Ina rubuta wannan takarda raina fari ƙal, amma akwai ƙorafin da in ban faɗa ba, zai tsaya min a maƙogwaro.

Na ɗaya, abin da ke cikin wayar. Mahaifiyata, wadda muke ce wa Inna, ita ce ungozomar unguwarmu har ƙarfinta ya ƙare. A ciwon ajalinta ta sa na ɗauki muryarta tana lissafa yaran da suka sha nonon da ba na uwarsu ba, da matan da suka shayar da su, don gudun a ɗaura aure tsakanin 'yan'uwan shayarwa. Tun da ta rasu ban iya sauraren muryar nan ba, kuma ban tura wa kowa ba. Wannan sakacina ne, na ɗauka.

Bana ɗana Nura ya nemi auren Hafsat, ɗiyar maƙwabtanmu. An kai gaisuwa, an sa rana, sai wata gwaggon yarinyar ta zo daga Batagarawa ta ce ita dai tana tuna marigayiya mahaifiyar Hafsat ta taɓa ba Nura nono. Maganar ba ta rasa tushe ba. Da na haife shi na kwanta asibiti makonni ban san inda kaina yake ba, kuma a lokacin mata biyu ne ke goyo a layinmu, ɗayarsu ita ce mahaifiyar Hafsat, tana goyon yayanta. Wadda ta shayar da shi cikinsu, Inna kaɗai ta tsaya a kai. Limaminmu ya ce maganata ba za ta wadatar ba tunda ni ce uwar ango, amma kowa ya yarda da Inna, a kawo muryarta ranar Juma'a bayan la'asar a saurara. In gwaggo ta yi gaskiya, aure ya warware har abada.

Na biyu, abin da ya sami wayar. Ranar Talata da safe ta mutu a hannuna. In ta kunnu sai ta nuna tambarinta, ta yi ɗan gurnani, ta ɗauke, ta sake kunna kanta. Haka ta wuni tana yi har ta ɗau zafi. Na sa caji, na cire sim, na yi mata addu'a, ba ta ko kula ni ba. Nura ya daina cin abinci. Ni kuwa na koyar da darasi guda sau biyu a aji ɗaya, yara suna kallona.

Na uku, kuma a nan ƙorafina yake. Ranar Laraba na kai ta rumfar ɗaya daga cikin mutanenka. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba abincinsa nake son taɓawa ba. Mutumin nan bai juya wayar ba, bai cire mata riga ba, bai tambaye ni yadda ta fara ba. Kallo ɗaya ya yi mata ya ce sai an yi filashin, ya jona ta da kwamfuta yana hira da maƙwabcinsa. Allah ne ya matsi bakina na tambayi me filashin ke yi wa abin da ke ciki. Ya ce, ko ɗago kai bai yi ba, ai komai tafiya zai yi, wayar ta dawo sabuwa fil. Ranka ya daɗe, ban san lokacin da na fizge ta daga igiyar ba. Har dariya ya yi min, wai Hajiya hotunan biki ne ake wa wannan rawar jiki? Da na yi shiru irin na kunyar da aka koya mana a gaban maza, da yanzu wani zance ake.

Na huɗu, godiya. Ina tafe ina share hawaye da bakin hijabi wani dattijo mai gyara, Malam Sani, ya kira ni ya ba ni benci. Tambayarsa ta farko ita ce me ke cikin wayar da ba na son rasawa. Ya cire rigar robar, ya danna maɓallin kunnawa, ya ce ai a danne yake, shi ya sa take ta kashe kanta tana kunnawa. Ya tambaye ni sana'ata. Da na ce waina, sai ya yi murmushi ya nuna min busasshen ƙullu da ya cushe gefen maɓallin ya ƙame. Ashe ni ce na yi wa kaina, garin amsa kiran masu saye da hannu dumu-dumu. Da ɗan buroshi da sifirit ya goge, ko minti goma bai yi ba wayar ta buɗe. Bai bar ni na tashi ba sai da na tura muryar Inna wayar Nura da ta ƙanwata.

Saboda haka ina roƙonka abu biyu. Ka sa doka kada mai gyara ya wanke wayar kowa sai ya faɗa masa da Hausa ƙarara cewa komai zai goge, ya kuma ji amincewarsa. Kalmar filashin ba ta gaya wa irinmu komai. Sannan a riƙa fara duba ƙananan abubuwa, maɓalli da batir da riga, kafin a kai ga babban aiki. Mu ma masu waya da laifinmu, mun fi son a ce an gama yanzu-yanzu.

Ranar Juma'a aka taru a zauren liman, mu mata muna daga ciki, aka kunna muryar. Inna ta yi ta jero sunaye tana tari, har ta iso kan Nura. Ta ce matar mahaucin layinmu ce ta shayar da shi kwana goma sha biyu. Sai ta ƙara da cewa, "Uwar su Hafsat ta ɗauke shi za ta ba shi, ni na amshe shi daga hannunta. Na ce mata a'a, ɗiyata, gidanku da namu katanga guda ce, ki bar ma yaran nan hanya." Gwaggo ta ce lallai ɗaukar ta gani, ba ta ga shan ba. Hafsat, da ba a ma haife ta ba a lokacin, ta kifa kai a cinyata tana kuka.

Allah Ya ƙara maka lafiya da adalci, Ya yi wa sana'arku albarka, Ya saka wa Malam Sani da alheri, Ya shiryi wancan bawan Allah. Ya jiƙan Inna da mahaifiyar Hafsat. An ɗaura auren Asabar ɗin da ta wuce.

Wassalamu alaikum.

Taku,
Maman Nura, Ƙofar Durbi, Katsina.