Na bi sunan gidan saurayin 'yata, na tarar da mamaci da ransa

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin, don girman Allah ki ɓoye sunana, mu Hausawan Greensboro ta Amurka ba mu da yawa, da an ga suna an gane gida. Sunayen da zan sa a nan ma duk na aro ne. Shawararku nake roƙo don Allah, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, na san akwai masu cewa ni na jawo wa kaina, kuma ban ce ƙarya suka yi ba.

Shekararmu goma sha tara a ƙasar nan, muna zaune ta wajen McLeansville. Maigida, wato Alhaji, direban babbar mota ne, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. 'Yata ta fari, bari in kira ta Husna, ta gama karatu tana aiki, bara ta kawo mana wanda take so. Bature ne ɗan Ingila, injiniya, aiki ya kawo shi nan. Ya musulunta tun kafin su haɗu, wannan kam na tabbatar, don limaminmu ya san shi shekara huɗu. Luka iyayensa suka sa masa, a masallaci Lukman ake kiransa. Ba zan ci amanarsa ba, yaron yana da ladabi, yana rusuna wa Alhaji, ya ci tuwo da miyar kuka da hannu har ya nemi ƙari, ko da yake ina zargin Husna ce ta koya masa a mota kafin su shigo.

Ranar da ya fara zuwa na tambaye shi cikakken sunansa, ya faɗi sunan gidansu, bari in ce Tavelli, kusan haka yake. Na ce wannan ai bai yi kama da sunan 'yan Ingila ba. Ya ce e, sunan Italiya ne, wani kakansu na can nesa ne ya zo daga can, iyakar abin da ya sani ke nan. Alhaji ya tambayi iyayensa, ya ce babansa ya rasu yana ɗan shekara shida, mamarsa ce ta raine shi ita kaɗai a Bristol, kuma ta wajen uba ba shi da kowa. Na ce ko baffa, ko gwaggo, ko ɗan baffa na nesa? Ya ce babu. Yana faɗa yana kallon faranti. Daga ranar hankalina bai ƙara kwanciya ba, ni dai ban taɓa ganin mutumin da danginsa suka ƙare ƙaf kamar an share da tsintsiya ba.

Alhaji ya ce ya yi bincike, ya tambayi liman da mutum biyu da suke sahu ɗaya da yaron, kowa ya yabe shi. Na ce masa wannan binciken hali ne, ina na asali? Ni lokacin aurenmu baffana har Malumfashi ya je, ya kwana biyu yana tambayar maƙwabtansu Alhaji da masu shago, kafin a karɓi gaisuwa. Ya ce nan Amurka ce, in ina da kuɗin jirgi in je Ingila in yi ta ƙwanƙwasa ƙofofin mutane. Husna kuwa da ta ji ina maganar sai ta hau ni da faɗa, rabi Hausa rabi Turanci, ta ce da Bahaushe ne da ban tsaya bin diddigi haka ba, ta ce maraya ne kuma maganar tana yi masa ciwo, in ta ji na bi ta bayanta na tona, za su je kotu a ɗaura, mu ji labari daga baya. Ta sa na yi mata alkawari, na kuwa yi, har da rantsuwa. Ku riƙe wannan, don shi ne rabin damuwata.

Akwai wata tsohuwa Baturiya da nake kula da ita a Irving Park, ba ta da aiki sai bin salsalar kakanninta a kwamfuta, ta san wanda ya zo a jirgin ruwa, ta san wanda ya mutu a yaƙi. Wata rana ina shafa mata mai a ƙafa muna hira, sai na ambaci sunan. Wallahi ban ce ta duba ba, amma kuma da ta jawo kwamfutar ban hana ta ba. Ta buga sunan sai ga taswira. A Italiya wuri ɗaya tak ya nuna, wani ƙauye cikin duwatsu ta arewa. Ta karanta min cewa talauci ne ya koro mutanen wajen tun zamanin kakannin kakanni, suka yi ta tafiya Birtaniya suna tallan askirim, daga baya suka buɗe shagunan shayi da kofi a garuruwan masu haƙar kwal, wanda ya samu wurin zama sai ya aika a turo masa ƙane ko ɗan 'yar uwa. Na ce ashe irin namu ne. Sai ta buɗe taswirar Birtaniya. Ɗan ɗigo a Landan, ɗan ɗigo a Scotland, amma a kudancin Wales akwai wani gari da sunan ya yi baƙi ƙirin. Bristol kuwa fayau. Na ce ta duba min nisan garin daga Bristol, ta ce kamar awa ɗaya a mota, gada kawai za a haye. Mutumin da ya ce ba shi da kowa, ga 'yan gidansu sun yi dandazo awa ɗaya daga ƙofar uwarsa.

Tsohuwar ta ce in bi a hankali, suna ɗaya ba lallai gida ɗaya ba ne. Na ce mata to. Amma mu a wajenmu, in aka ce maka ga garin da sunan gidan mutum yake, ai an gama maka aiki, saura ka tura wanda zai je ya tambayo. Ina da ƙawa tun sakandare, Ladi, 'yar Kafanchan, nas ce a Cardiff, can cikin Wales ɗin. Na tura mata hoton Lukman da sunan gidansu da na garin, na faɗa mata ya ce ubansa ya rasu, na ce ranar da ba ta da aiki ta je ta ɗan leƙa min, kada ta ce komai, ta dai ji ko an san gidan, ko mutanen kirki ne. Ta yi ta min tsiya wai na zama 'yar sandan ciki a tsufa, amma ta hau bas ta je.

Ina wajen aiki da rana saƙon muryarta ya shigo. Ta ce, "Ke Hajiya, nemi kujera ki zauna tukun. Mamacin nan naku fa, shi ya soya min dankalin da na ci yanzu."

Ga yadda aka yi. Tana sauka ta ga shagon kofi da sunan rubuce ɓaro-ɓaro a saman ƙofa. Ta shiga ta sayi abinci, ta tarar da wata tsohuwa tukuf zaune kusa da kantar shagon, suka ɗan taɓa hira, sai Ladi da ba ta iya riƙe magana ta nuna mata hoton. Tsohuwar ta daɗe tana kallo, sai ta ƙwala kira cikin yarensu, wani dattijo ya fito daga kicin yana goge hannu. Ladi ta ce tana ganinsa ta gane, Lukman ne sak, furfura ce kawai bambanci. Ya kalli hoton, ya jawo kujera ya zauna, ya ce ɗansa ne, rabonsa da shi tun yana shekara shida. Ya faɗa mata da bakinsa cewa a lokacin mashayin giya ne, matarsa ta ɗauki yaron ta tafi, kuma bai ga laifinta ba. Ya ce ya daɗe da dainawa, ya yi ta aika wasiƙu ana dawo masa da su. Ladi ta tambaye shi ko duka ne ya kore ta, sai ya kawar da kai ya ci gaba da goge hannu.

Da a nan abin ya tsaya da sai in ce uwar ce ta yi wa yaro ƙarya, shi bai san komai ba. Amma tsohuwar, wato kakarsa ke nan, ta ce bara da bazara wani saurayi ya shigo shagon ranar da ɗanta ba ya nan, ya zauna a lungu ya sha kofi, ya yi ta kallon hotunan da ke bango, ya biya ya fita bai ce uffan ba. Ta rantse shi ne, ta ce tafiyarsa irin ta marigayi mijinta ce. Kuma jama'a, Lukman ya je Ingila bara da bazara, sati biyu, ya ce mamarsa ya je gani, ni na haɗa masa kilishi ya kai mata. Sai dai Ladi ta ce idon tsohuwar ya yi rauni, sai da ta kai wayar dab da hancinta kafin ta ga hoton. To wanne zan kama?

Ƙarin abin haushi, Ladi ta yi suɓul da baka ta faɗa masu cewa aure zai yi. Lambata ba ta ba su ba, amma sun karɓi tata, yanzu kwana biyu ba sa wucewa sai kakar ta kira ta tana tambayar yaya amaryar take, doguwa ce ko gajera, ta iya girki. Ladi ta ce ta gaji da kwana-kwana, in san abin yi.

Lahadin da ta wuce na gayyace shi cin abincin rana don in gwada shi. Cikin hira na ce Allah sarki, wace cuta ce ta yi ajalin babanka? Ya ce mamarsa ta ce zuciya ce, kuma ba ta son a yi maganar. Na ce ka taɓa zuwa Wales kuwa, ina da ƙawa a can. Ya ajiye cokali, ya ce sun taɓa zuwa da 'yan makaranta yana yaro. Husna ta watso min wani kallo ta ce, "Mama, please, ya isa haka." Na ƙura masa ido ko zan ga ya sha jinin jikinsa, ban gane komai ba. Da yaron gida ne da tuni na karanta shi, amma fuskar Bature ban iya ta ba, ja yake yi in ya ji kunya, ja yake yi in yaji ya yi yawa a miya, kuma ranar na cika attaruhu.

Tun daga nan kowa zargi nake yi. Uwarsa tana kirana a waya tana ce min 'yar uwa, nan da sati uku za ta iso, a ɗakina za ta sauka, ina amsa mata ina cewa a raina ke ce kika kashe mijinki da baki. Sai kuma in ce wa ya san abin da ta gani a hannunsa, ƙila ni ma da haka zan yi. Shi kuma Lukman in ya sani, to ya zauna a falona ya kalli Alhaji ya yi masa ƙarya a kan ubansa, wanda ya iya wannan me kuma ya ɓoye? Ko kuwa kunya ce, ba ya so mu ce ɗan mashayi ne mu hana shi? In bai sani ba kuma, ni ce ke riƙe da labarin da ya fi kowanne girma a rayuwarsa, ina zuba masa miya ina murmushi. Har kaina nake zargi, don gaskiyar Husna ce, tun farko ban so Bature ba, kuma ranar da saƙon Ladi ya shigo, kafin tsoro ya kama ni sai da na ji wani ɗan daɗi cewa zatona bai faɗi banza ba. Wannan yana ba ni kunya ƙwarai.

Alhaji bai sani ba. Na san halinsa, ba ya zurfafa bincike amma in ya ji an yi masa ƙarya ba ya tsayawa jin ba'asi, a take zai ce an fasa. Husna kuwa in na faɗa mata, kafin ta ji abin da na gano sai ta fara jin cewa na karya rantsuwa, kuma yarinyar nan in ta faɗi abu tana aikatawa. Ina tsoron in rasa ta gaba ɗaya, ina kuma tsoron in miƙa ta ga wanda ban san ko wane ne ba.

Abin da ya sa na rubuto yau, ƙanena da ke Kano shi ke haɗa mana katin biki, da safe ya turo samfuri. Kun san yadda muke rubutawa, iyalan wane da na wane suna gayyata. Ya rubuta iyalan Marigayi Tavelli da na Alhaji. Husna ta nuna wa Lukman a gabana, ya tambaye ta ma'anar kalmar marigayi, ta faɗa masa. Ya daɗe yana kallon wayar, har na ɗauka zai yi magana, sai ya ce ya yi kyau.

Ƙanena ya ce ran Juma'a zai kai wa masu bugawa, amincewata kawai yake jira. Don Allah ku faɗa min ta inda zan fara. In kira Lukman shi kaɗai in tambaye shi ido da ido, ko in jira uwarsa ta iso in tare ta, ko in fara durƙusa wa 'yata in ce na karya alkawari? Ko in ja bakina in yi shiru a yi biki? In na ce a cire kalmar nan, Husna za ta tambaye ni dalili. In na bari kuma, da hannuna zan raba wa mutane kati mai cewa marigayi, alhali mutumin yana can da ransa, jiya ma ya ce wa Ladi ba ya neman a gayyace shi, ko hoto ɗaya aka tura masa ya gode. In ce a buga?