Gidan da Na Kawo Ka Ka Tsare

Zuwa ga ƙanena Haruna, wanda 'yan ƙwallon Funtuwa suke kira Danƙo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai yake yi wa wanda ya riga shi, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ne yayanka Lawal, daga Doha. Na san ba za ka karanta ba. Da gangan na sa takardar a intanet, inda mutanen gida za su gani, don in na rubuta a ɓoye zan goge ta, kamar yadda na goge guda uku kafin wannan.

Juma'ar da ta wuce ƙungiyarmu ta zauna bayan wasa, a filin rairayin nan na bayan Asian Town. 'Yan Zangon Gana, abokan hamayyarmu a nan, sun sake zura mana huɗu. Alhaji Sale direba, wanda har yau shi ne shugabanmu, ya ce maganar gola ta dawo. Wai akwai Bashir, ɗan gidan Malam Tukur tela na unguwarmu, hannunsa kamar naka. Aka shiga lissafi: nawa ejan zai karɓa na biza, nawa tikitin jirgi, mutum nawa ne za su iya cire riyal ɗari biyu duk wata ba a ji a tukunyar gida ba. Rabi suka ce za mu iya, rabi suka ce ya fi ƙarfinmu. Wallahi, irin zaman da muka yi a kanka ne, har wurin zaman kowa bai sauya ba.

A wancan zaman ni ne mai baki. Ni na miƙe na ce ina da ƙane da ba a cin sa, na nuna musu bidiyonka kana kama fenareti biyu a wasa ɗaya. Masu gadi da direbobi da masu share otal suka yi ta kabbara kamar mun ci kofi. Wata biyar muna karo-karo. Wani ɗan Sakkwato ya daina cin nama har muka cika kuɗin.

Abin da kowa a nan ya sani, kai ba ka sani ba, shi ne ƙungiyarmu ba ta da ko takarda ɗaya. Mu ba kulob ba ne. Ma'aikata ne masu buga ƙwallo ranar hutu, da raga ta ƙarfen gini. In muka ce mun sayi ɗan wasa, bizar aiki muka saya masa a wani kamfani, ya yi wa kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin bizarsa, aiki kwana shida, ya tsaya mana a raga ranar Juma'a. Bizar da ejan ya samo maka ta gadi ce.

Ka tuna abin da na ce maka a waya? Na ce wata ƙungiya a Katar tana neman mai tsaron gida, an biya komai. Ban yi ƙarya ko ta harafi ɗaya ba, shi ya sa abin yake cin raina. A rediyo mai tsaron gida gola ne. A takardar ejan kuma mai tsaron gida shi ne wanda yake tsaye a bakin get. Na ji ka yi ihu, na ji kana kiran Inna ta zo ta ji. A nan na gane yadda ka ɗauki maganar. Bakina ya buɗe zan gyara, sai na tuna kuɗin mutane sun riga sun shiga hannun ejan, ba su dawowa. Na tuna kuma dariyar da 'yan Zango suke yi mana. Na ce maka Allah ya sa alheri, na kashe wayar.

Lokacin ana kiran ka gwaji a wani babban kulob a Kaduna. Ka ce musu ka samu wanda ya fi.

A filin jirgi ka fito da safar hannunka ta gola a rataye a jikin jaka, don kowa ya gani. Motar kamfani ta kwashe ka zuwa masauki, aka ba ka yunifom shuɗi da hula da usur. Washegari na raka ka Wukair, inda ake ta gina sababbin gidaje a cikin fili fetal. Aka nuna maka wani ɗan ɗaki na roba a bakin get, ko miƙe hannu ba za ka yi a ciki ba. Ka dube shi, ka dube ni. Abin da ka ce kawai shi ne, "Yaya, wannan ne gidan?" Na ce maka yalla, mu je, ka yi haƙuri, kowa da haka ya fara. Kaico da bakina.

Ba ka zage ni ba, Haruna. Da ka zage ni da na samu sauƙi. Abu ɗaya ka roƙe ni, kada in gaya wa Inna. Na rantse maka.

Juma'a huɗu ka buga mana, ba a zura maka ko ɗaya ba. Daga nan kamfani ya mayar da hutunka ranar Talata, khalas, shi ke nan, babu wanda ya isa ya yi magana. Golan da muka yi wata biyar muna tara wa kuɗi yana tsaye a get, mu kuma muka mayar da wani mai wankin mota cikin raga. Wasu ma har gunaguni suke yi wai an yi asara.

Ranar Talata kakan sa rigar gola ka tafi Corniche, bakin teku, kai kaɗai, ka ba baƙo waya ya ɗauke ka hoto, dogayen benaye a bayanka, ka tura gida. Inna ta sa aka wanke ɗaya aka manna a bangon ɗakinta.

Sai bazara ta shigo. Awa goma sha biyu a tsaye, na'urar sanyin ɗakin robar ta mutu, ka kai ƙara sau uku ana cewa bukra, gobe. Bayan azahar aka kira ni. Masu aikin gini ne suka gan ka kwance a gefen get. Takardar asibiti ta ce zuciya ce ta tsaya. Kai da kake minti casa'in kana tsalle ko haki ba ka yi! A nan muka yi maka sutura, da yardar Inna. Da ta tambaye ni ko a fili ka faɗi, na ce mata i, a wurin aikinka. Ka ga na sake yi, kalma mai fuska biyu.

Shekara biyu ke nan ina riƙe da alkawarinka. Amma shekaranjiya Inna ta kira ni da murna a muryarta. Ta ce mahaifiyar Bashir ta je wurinta neman shawara, ko ta bar ɗanta ya taho Katar, tunda an ce masu ƙwallo ne suke neman sa. Inna ta ce mata ta bar shi ya tafi. Ta ce ɗanta ma can ya buga, an riƙe shi da daraja, kwanansa ne kawai ya ƙare. Har hotonka ta nuna mata.

Haruna, ka ga inda abin ya kai. Ƙaryar da na ɗinka, kai ka yi mata ado don ka rufa mini asiri, yanzu ita Inna take ba wata uwa da zuciya ɗaya.

Ina son ka, ban taɓa faɗa maka ba, mu ba mu saba ba. Ni na goya ka zuwa kallon wasanka na farko, ni kuma na kai ka bakin get ɗin nan. Ka yafe mini laifin farko, ka yafe mini wanda zan yi yanzu, na karya alkawarinka. In na idar da la'asar zan kira Inna, kafin wani ya karanta mata wannan. Zan gaya mata aikin da ka yi da sunansa, gadi, da inda ka faɗi, da wanda ya san gaskiya tun ranar farko ya yi shiru. Mai yiwuwa ta cire hoton. Mai yiwuwa ta daina ɗaga wayata. Ɗa ɗaya ya rage mata, shi ne kuma wannan.

Allah ya jiƙan ka, ya sanyaya makwancinka, ya sa wahalar da ka sha ta zama kaffara. Allah ya ba Inna ƙarfin jin abin da zan faɗa. Allah ya tsare Bashir a gaban mahaifiyarsa.

An kira salla. Bari in je in yi alwala.

Yayanka da ya cuce ka,
Lawal